Shekara 13 a kan wasa ɗaya: muhawara kan Kiro'o Games

Ɗan Birni: Salamu alaikum ƴan zaure. Jiya da dare muna shan shayi a fada, ƙanena ya kafe wai duk wasan da ake bugawa a salula da PlayStation Turawa da ƴan Japan ne ke yin sa, mu namu riƙe manet kawai. Na ce masa bai san Kiro'o Games ba. Abin da ya ba ni mamaki, har manyan da ke zaune ba wanda ya taɓa jin sunan. Shi ya sa na ce bari in kawo labarin nan, a yi haƙuri da tsawo.

Kamfanin yin wasannin bidiyo ne mai cin gashin kansa a Yawunde, babban birnin Kamaru. Wanda ya kafa shi Olivier Madiba. A 2003, yana ɗalibi, ya fara haɗa wani ɗan wasa mai suna Aurion da wata manhaja da ake kira RPG Maker, wadda masu koyo ke amfani da ita. Ba biro, ba albashi, ba mai gida. Shi da abokansa suna yi suna rushewa, su sake. Sai a 2013 suka tsaya da sunan kamfani. Sunan ma ba Faransanci ba ne, daga Swahili suka ɗauko shi, "kiroho maono", wato hangen ruhi. Wasan bai fito kasuwa ba sai ranar 14 ga Afrilu 2016, a Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, da sunan Aurion: Legacy of the Kori-Odan. Ku ƙidaya daga 2003. Shekara 13. Yaron da aka haifa ranar da ya fara ya shiga kolej kafin ya gama.

Ɗan Mirya: Shekara 13 a kan wasan yara? Da gona ya kama da yanzu mangwaronsa ya yi inuwa.

Mai Salula: Ɗan Mirya kai komai sai ka kai shi garka. Bar mutum ya ƙarasa.

Alhaji na Dole: Wa alaikumus salam. Ni tambayata ɗaya ce, ɗana. Shekara 13 ɗin nan wa ke ba su abinci? Don ni ban taɓa ganin sana'ar da ciki ke jira ba.

Ɗan Birni: Alhaji, ka taɓo inda nake son zuwa. Ni a ganina labarin Kiro'o ba labarin gwaninta a kwamfuta ba ne, masu gwaninta suna da yawa. Labarin neman kuɗi ne. Shekaru goman farko kowa na wani aikin ne, wasan a gefe. Da suka yanke za su yi shi da gaske, sai aka zo ga maganar albashin mutum wajen 20: masu zane, masu rubuta lambobin kwamfuta, mai kiɗa, mai labari. Banki ba ya ba da bashi a kan abin da ba ya iya kamawa. Ba fili, ba gida, ba mota. Me za ka ajiye jingina, hoton basarake mai takobi?

Sai suka raba jarin da suke nema kashi 300, kowane kashi jika 400, suka sa a intanet, duk mai so ya saya ya zama mai hannu a kamfani. Ku lissafa, miliyan 120 na sefa ke nan. Sefar Kamaru da tamu ba takarda ɗaya ba ce, amma darajarsu ɗaya, 655,957 a kan yuro 1000. Mutum kusan ɗari suka saya, na gida da na waje, wasu ba su taɓa taka Yawunde ba. Bai zo dare ɗaya ba, shekaru suka yi suna tarawa kaɗan-kaɗan, suna nuna wa masu zuba kuɗi inda aiki ya kai. A 2015 kuma suka shiga Kickstarter, inda jama'a ke taimaka wa aiki tun kafin ya fito. Sun nemi yuro 40,000, suka samu kusan 50,000 daga mutum fiye da 1,300. Wajen miliyan 32 ke nan na kuɗinmu.

Alhaji na Dole: To wannan ai ba sabon abu ba ne a wurinmu. Haka ake haɗa kuɗin tirela, mutum biyar su sayi mota, direba ya tafi Agadas ya dawo a raba. Bambanci, mu muna ganin tirelar, kuma mun san gidan uban direba. Su waɗannan me suka gani?

Ɗan Birni: Hotuna da gajerun bidiyo da rahoto, Alhaji.

Alhaji na Dole: Lalle yaron yana da baki. Wanda ya sayar da abin da babu har miliyan 120, ko gishiri ka ba shi a Bilma zai sayar.

Ƴar Zango: Yaya Ɗan Birni, ba ka faɗa musu abin da wasan ya ƙunsa ba, kuma ni nan ne ya kama ni. Yarima ne, Enzo Kori-Odan, na wani gari Zama. Ranar da za a naɗa shi sarauta, ranar ce ta aurensa da Erine Evou, sai ɗan'uwan amaryar, Ngarba, ya yi masa juyin mulki. Aka kore su su biyu. Duk wasan tafiyarsu ce, suna neman ƙarfin da za su koma su karɓi gari. Kuma amaryar ba a bar ta a ɗaki tana kuka ba, tare ake fita, ita ke yi masa magani a tsakiyar faɗa. Da hannu aka zana komai, tufafi da kitso da gine-gine duk an ɗebo daga al'adun Afirka. Ranar da na fara ganin hotunan na daɗe ina kallo, don tun ina firamare nake zane, kuma duk abin da nake kwaikwayo masu gashin doki ne da manyan idanu irin na Japan. Ban taɓa tunanin in zana mace da zane da ɗankwali ta riƙe makami ba.

Ɗan Mirya: Suruki ya ƙwace sarauta ranar biki. Wannan ai ba sai an je Kamaru ba.

Mushe: Ɗan Mirya ka kiyayi bakinka, zauren nan da ƴaƴan sarauta a ciki.

Ustaz: Jama'a a ba ni dama. Maganar kuɗin ban ga matsala ba, mutane sun haɗa jari, riba tare, asara tare, ba ruwa a ciki. Tarayya ce, malamai sun san ta. Inda na tsaya biyu ne. Na ɗaya, na ji an ce ƙarfin da jarumin ke faɗa da shi daga kakanninsa yake kiransa. Na biyu, lokaci. Ku shiga ɗakunan wasa na unguwa bayan la'asar ku gani, a kira magariba yaro bai ji ba, yana ta ƙwallo a talabijin. Mu ƙara musu wani kuma?

Ƴar Zango: Malam, da girmamawa, yaran suna bugawa ko mun yi ko ba mu yi ba. Abin da ya rage shi ne na wa za su buga.

Mushe: Ustaz, maganar kakanni gaskiya ce, haka labarin yake, ƙarfin da suke kira Aurion gado ne na kakanni. Su abin da ke cikin al'adarsu suka ɗauka, kuma duniyar wasan ƙirƙirarriya ce, ba su ce Kamaru ba ce. Ba dole wanda zai yi a nan ya bi sawunsu ba. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ma ba mai cewa gaskiya ce, kuma ba ta hana kowa salla ba, sai dai iyayenmu sun sa mata lokaci, ba a yin ta da rana. Maganarka ta biyu kuwa ba ni da amsa, ina ganin masu gyangyaɗi a aji ranar Litinin.

Mai Salula: Ni bari in yi maganar da ta shafe ni. Na karanta hirar da aka yi da su, suna cewa yankewar kuran na cikin abin da ya fi ja musu baya, ga tsadar intanet. Na ce ashe ciwon ɗaya ne. Ku da ba ku aiki da na'ura ba za ku gane ba. Bara, lokacin zafi, ina tsakiyar sa wa salular mutum manhaja aka ɗauke kuran, aka maido da ƙarfi, kwamfutata ta yi ƙauri. Salular ta mutu, kwamfutar ta mutu, na biya mai salula daga aljihuna. Wannan aikin awa ɗaya ne. Ka ƙaddara aikin wata shida na mutum 20. Kuma ku tuna Agusta 2023, da aka yanke layin da ke kawo mana wuta daga Najeriya, yadda garin nan ya koma. Duk mai son buɗe irin wannan kamfani a Damagaram, kafin ya sayi kwamfuta ya sayi fano da batura. In ba haka ba, Aurion ɗinsa shekara 26 zai yi.

Na Kano: Ina gaisuwa daga nan makaranta. Yaya Ɗan Birni, ina da ja. Ka ce kamfani mai cin gashin kansa. Amma wa ya kai wasan Steam? Plug In Digital, kamfanin Faransa. Kickstarter ma ba ya buɗe wa mazaunin Kamaru ko Nijar ya kafa neman kuɗi da kansa, sai ya bi ta wata ƙasa. Steam ɗin na kamfanin Valve ne, a Amurka, kuma suna cire kashi 30 cikin 100 na duk abin da aka sayar. Mai kai wa kasuwa shi ma ya cire nasa. Ina cin gashin kan?

Ɗan Birni: Ƙanena, a wannan sana'a in an ce mai cin gashin kai ba ana nufin ba ka hulɗa da kowa ba. Ana nufin ba wani babban kamfani ya mallake ka, yana ce maka canza launin fatar jaruminka, ko cire wannan saka wancan. Mai ƙiran takalmi a Zango da ya ba dillali ya kai Kano, takalmin ya zama na dillali? Dillali dai ya ci la'adarsa. Dubi Mojang na Suwidin, kamfanin da ke yin wasan Minecraft. Markus Persson ya fara Minecraft a 2009 shi kaɗai. A 2014 Microsoft ta saye kamfanin dala biliyan 2.5 na Amurka. Daga ranar ba mai kiransu masu cin gashin kai, kome kuɗinsu. Kiro'o ba su da ko ƙurar wannan kuɗin, amma su ke cewa ga abin da za a yi gobe.

Na Kano: Na yarda da rabi. Dillalin da in ya rufe ƙofa ba ka da wata kasuwa, ya wuce dillali.

Alhaji na Dole: Yaron nan ya yi magana. Dala biliyan nawa ka ce? Ba dalar nan tamu ta tamma biyar ba ko?

Mai Salula: A'a Alhaji, in da tamu ce ai da kai ma ka taya.

Ɗan Mirya: Ni ba wanda ya amsa mini. A zauren nan wa ya taɓa buga Aurion? Ya ɗaga hannu.

Ƴar Zango: A YouTube na kalla.

Mushe: Ni yau na fara jin sunansa.

Ɗan Birni: Na buga, amma ba ni na saya ba. Na gwada da katin bankina sau uku aka ƙi karɓa, sai wani abokina da ke karatu a waje ya saya ya aiko mini kyauta. Kuma kwamfutata da ƙyar ta ja shi.

Ɗan Mirya: Alhamdu lillahi. Ka ga abin da nake faɗa. An yi wasa da sunan Afirka, mai yabonsa mafi zafi a Damagaram sai da aka saya masa daga Turai. To na wa ne? An dafa tuwo a gidanmu, an kai maƙwabta, mu muna shaƙar ƙanshi ta katanga muna cewa uwarmu ta iya miya.

Ɗan Birni: Wannan karon ka harbi inda ya dace, ba zan musa ba. Wasan kwamfuta ne, a kasuwar da ke son katin banki, a nahiyar da abin da ke hannun mutane salula ce mai Android. Masu sayen suna waje, masu labarin suna gida. Amma su ma sun gane, shi ya sa tarihin bai tsaya a 2016 ba. Bayan Aurion sai suka juya ga salula. Suka yi Le Responsable Mboa. Mboa kalma ce da ƴan Kamaru ke kiran ƙasarsu da ita, kamar ka ce gida. A ciki kai ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne a wata ƙasa ta ƙirƙira, kana son hawa matsayi, ga albashi ba ya isa, ga dangi da buƙata, ga maganar aure, ga masu miƙo ambulan ta ƙarƙashin tebur. Kai za ka zaɓa. Ba dodo, ba takobi, dariya ce ake yi wa halin da kowa ya sani. A 2019 kuma suka sake buɗe sayar da hannun jari da tsarinsu da suka sa wa suna Rebuntu. Aurion ɗin ma ba su yar da shi ba, sun mai da labarin littafin zane, kuma a 2024 ya shiga Xbox.

Mushe: Tsaya, tsaya. Ma'aikaci, da ambulan, da yi wa manya dariya? Ɗana, wannan ai wasan kara ne. Mu a garin nan tun kafin a haifi kakan kwamfuta muke yin sa. A samu mai kama da gwamna a sa masa kaya, wani ya zama komanda, wani minista, a yi bindigogi da motoci da kyamarori na kara, a zaga gari, mai mulki na gaske yana zaune yana kallon kansa yana dariyar dole. Ku matasa kuna ta neman labari a nesa. In dai ni ne mai zane a cikinku, daga nan zan fara.

Kuma in labarin yaƙi kuke so, ba ku rasa ba. Sarki Tanimu a ƙarni na 19 ya kewaye Birni da garu, aka ƙera masa igwa a nan cikin gari, ayarin raƙuma na zuwa daga Tarabulus su wuce Kano ta nan. Sarki Amadu Kuran Daga, a zamaninsa aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a 1898, a 1899 aka yi karon Tirmini da sojojin Faransa. Garin nan shi ne babban birnin Nijar daga 1911 zuwa 1926, kafin a mai da shi Yamai. Ina koyar da wannan kowace shekara, yara suna haddacewa don jarrabawa su manta. Amma ku tambaye su sunayen ƴan wasan Real Madrid.

Ƴar Zango: Mushe, wallahi ina karantawa ina ganin hoton. Ayari ya taso daga Agadas, kai ne madugu, ruwa na ƙarewa, ka zaɓi rijiya, ka yi ciniki a zango.

Mushe: Madugu ya fi miki sauƙi, ƴata. Sarki kuwa ki yi a hankali. A wasa jarumi yana faɗuwa sau ɗari a sake tashe shi. Ki sa Kuran Daga yana faɗuwa sau ɗari a hannun yaro ɗan shekara 10, jikokinsa suna nan cikin Birni, za ki ji sallama a ƙofar gidanku. Ina jin dalilin da ya sa ƴan Yawunde suka ƙirƙiri garinsu da sarkinsu ke nan, ba mai zuwa ya ce an zagi kakansa.

Na Kano: Kuma in za ki sa yaƙin Damagaram da Kano, ki bari sai na gama karatu na dawo gida.

Mai Salula: Don kar a ce Kamaru kaɗai, akwai Leti Arts, Eyram Tawia na Gana da Wesley Kirinya na Kenya suka kafa a 2009, sun yi wasa a kan Ananse, wanda shi ne Gizonsu. A Legas akwai Maliyo Games na Hugo Obi tun 2012, su wasannin salula suke yi. Wasanninsu ƙanana ne, kashe sauro, tuƙin kabu-kabu. Akwai ɗaya wai shi Aboki Run.

Na Kano: Ka ji ko. Duk wanda ya zauna kudancin Najeriya ya san yadda ake furta kalmar nan in an ga Bahaushe. Ban ce da mugun nufi suka sa ba. Amma in ba ka zana kanka ba, wani zai zana ka yadda ya hango ka daga tagar mota.

Ƴar Zango: A Yamai ma an yi. Les Héros du Sahel, na MOGMedia Design, jarumin sunansa Shamsu, daga rana yake samun ƙarfi.

Ɗan Mirya: Wannan ya zo Damagaram a watan Afrilu ba mai iya kayar da shi.

Ustaz: In za a yi na madugu da ciniki da tarihi, ba tsiraici ba caca, ni ba ni da ta cewa. Sai dai a sa masa ya tsaya da kansa in lokacin salla ya yi.

Mai Salula: Malam, wannan kuran na yi mana shi kyauta.

Alhaji na Dole: To ku saurara. Na ji tarihi, na ji dariya. Yanzu a gaya mini, ƙaramin na salula, nawa yake ci? Ba na miliyan 120 ba.

Ɗan Birni: Alhaji, kayan aikin ba su ne masu tsada ba. Godot, manhajar haɗa wasa, kyauta ce gaba ɗaya, ana yin wasan Android da ita. Rajistar mai sa manhaja a Google Play dala 25 ce ta Amurka, sau ɗaya, wajen jika 15. Steam dala 100 a kan kowane wasa, amma mu ba can muka nufa ba. Mai tsadar shi ne mutum uku su zauna wata shida ba su yi wani aiki ba, da fano, da forfe na intanet. Sai babbar matsalar, yadda kuɗi zai dawo. Mutanenmu ba su saba sayen manhaja ba, ɗaya ya sauke, unguwa duka ta karɓa ta Xender.

Alhaji na Dole: Wato ka shuka, tsuntsu ya ci.

Ɗan Birni: Sai dai talla a ciki, ko a biya kaɗan-kaɗan ta kuɗin salula. Nan ne kowa ke fama, har su Kiro'o.

Ɗan Mirya: Na dawo kan mangwarona.

Ƴar Zango: Ka dawo. Ni dai ina da zanen madugu da raƙuma uku tun bara a cikin kaye, ban san me zan yi da su ba. Yaya Ɗan Birni, in na ɗauki hoto na turo, za ka iya sa raƙumin ya yi tafiya?

Ɗan Birni: Ki zana shi sau shida, kowane da ƙafa a wani wuri daban, a kan farar takarda, kar ki yi inuwa. Zai yi tafiya.

Mushe: Ki lura, raƙumi ƙafafun gefe ɗaya yake ɗagawa tare, dama da dama, hagu da hagu. In kika zana shi yana tafiyar jaki, Buzayen Zango ba za su yafe miki ba.

Alhaji na Dole: In ya yi tafiya ku kawo mini shago in gani, bayan la'asar, ban da ranar Alhamis, kasuwa ce. Ban ce zan ba da ko dala ba. Gani zan yi.

Mai Salula: Ku zo da shi a caje. Nan layinmu an ɗauke tun ƙarfe biyu, saura kashi 4 a salulata.